Daga Harajin Shira Zuwa Belin Ikko: Yadda Hukuma Ke Ɓata Mutumin Kirki

Duk wanda ya kwana biyu a Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san irin wannan yammaci. Ana zaune a ƙofar masallacin unguwa bayan Magariba, sai yaro ya sheƙo da labari cewa motar hukuma ta yi shara a tasha, ta kwashe mutum goma sha wani abu, a cikinsu kuwa har da wane ɗan garinmu, mai turin baro ko mai sayar da rake. Nan da nan sai a kewaya da hula, kowa ya jefa abin da Allah ya hore masa, a wakilta dattijai biyu su tafi ofishin 'yan sanda. A jikin bangon ofishin an rubuta da manyan baƙaƙe cewa beli kyauta ne. Dattijan nan su karanta, ko a karanta musu, sa'an nan su biya, a sako musu yaro, su yi godiya har da russunawa, su komo ana yi musu barka.

Abin da ya kamata mai hankali ya tsaya ya duba shi ne wannan. A cikin mutanen nan duka, da wanda ya karɓi kuɗin, da waɗanda suka miƙa, da wanda ya rubuta wa yaron laifin da bai yi ba, da wuya a sami wanda zai iya zura hannu a aljihun maƙwabcinsa ya zare ko kwabo. Wataƙila ma ɗan sandan nan ba ya fashin masallaci ko coci. Amma ga shi an taru an yi ƙarya, an ci hanci, an tsare bawan Allah ba da hakki ba, kowa kuma ya tafi ya yi barcinsa. Masu wa'azi sukan ce zukata ne suka lalace, kuma ba mu musa ba. Sai dai a ganinmu wannan rabin magana ce. Sauran rabin ita ce akwai irin dokar da, in aka kafa ta, ita da kanta take ƙera azzalumai daga cikin mutanen kirki, ta kuma koya wa waɗanda ake zalunta ƙarya da toshiyar baki. Wanda yake son ya ga yadda ake wannan ƙira ba sai ya tafi nesa ba. Ya waiwaya gida, ya tambayi tsofaffin ƙasar Shira labarin haraji.

Shira dai tsohon gari ne, yana nan a gindin duwatsunsa tun kafin a san za a yi Azare, kuma yana da sarautarsa tun kafin jihadi. A farkon ƙarni na 19 Malam Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya haɗa ta cikin ƙasar da aka sani da Katagum. Ya kyautu a tuna cewa a cikin abubuwan da Shehu ya zargi sarakunan Haɓe da su a littafinsa Kitabul Farƙi akwai jangali da kuɗin gari da gaisuwar da ake kai wa masu mulki don a sami biyan bukata. Watau tun asali an kafa tutar ne a kan ƙin irin wannan karɓe-karɓe. Ba mu ce magadan jihadi sun tsarkaka daga abin da suka zarga ba, tarihi bai ce haka ba. Amma da Turawa suka ci ƙasar a 1903, sai aka shigo da wani sabon abu wanda ba a saba da shi ba, shi ne lissafi a takarda wanda ba ya jin roƙo.

A 1906 Gwamna Lugga ya kafa dokar kuɗin shiga wadda ta tattara tsofaffin karɓe-karɓe ta mai da su haraji guda. Aka fitar da hakimai daga fada aka ce kowa ya koma ya zauna a gundumarsa. Aka buɗe baitulmali, ana raba abin da aka tara tsakanin Gwamnati da En'e. Sannu a hankali aka daina karɓar wuri da hatsi da tufa, aka ce sai kuɗin Bature. Ga yadda abin yake tafiya, kuma haka yake a Shira kamar yadda yake a kowace gunduma ta ƙasar sarakuna: malamin haraji ya zo ya ƙirga mazaje baligai, a yanka wa gari jimla guda, a ce dagaci ya kawo ta cif kafin rana kaza. Hakimi yana jiran dagaci, Sarki yana jiran hakimi, Di'o yana jiran Sarki, Razdan kuma yana can hedikwatar lardi yana jiran Di'o. Ba wanda ake tambaya yaya ya tara. Abin da ake tambaya kurum shi ne ko ta cika.

To, mai karatu ya sa kansa a matsayin dagacin nan. An ƙirga masa mutum ɗari uku da rani. Kafin kaka biyar sun rasu, goma sun gudu, ashirin fari ya cinye gonakinsu. Takarda kuwa tana nan a kan ɗari uku. In ya kai kuɗi da giɓi, za a ce ko dai ragwanci ne ko kuwa ya ci, kuma kowanne daga ciki ya isa a tuɓe masa rawani, wani lokaci har da ɗauri. In ya cika, yana da ɗan kasonsa, ana kuma yabonsa a gaban Bature. Me ake zaton zai yi? Sai ya aza harajin matattu a kan masu rai. Sai ya ce ƙanin wanda ya gudu shi zai biya. Sai ya dubi yaron da bai gama tasawa ba ya ce ai ya balaga. Tsofaffi suna ba da labarin yadda akan ɗaga hammatar yaro a duba ko gashi ya fito, da yadda akan shanya magidanci a rana a ƙofar fada gaban 'ya'yansa da surukansa, da yadda akan kama akuyar tsohuwa a sayar a bakin kuɗin ɗanta. Wanda yake yin wannan aiki ba baƙo ba ne daga wata uwa duniya. Tare suka yi makarantar allo da wanda yake shanyawa, watakila ma ƙanwarsa yake aure.

Mai rubuta wannan sharhi bai riski zamanin ba, amma ya tashi a gidan da akwai wani tsoho da ya taɓa riƙe unguwa, mutum mai yawan tilawa, wanda har ya koma ga Allah ba ya son a ambaci watannin haraji a gabansa. Sau ɗaya tak ya yi mana maganar, ya ce akwai wata shekara da ya sayar da jakinsa ya cike wa mutum uku, shekara ta biyu ba shi da jaki, sai ya nuna wa dogari gidajensu. Bai ƙara ko kalma a kai ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Haka kuma ta wajen talaka. Mutumin da aka hore shi tun yana yaro cewa ƙarya haramun ce, sai ga shi ranar ƙidaya yana ɓoye ɗansa a rumbu, yana rantsuwa cewa yaron ya tafi gabas karatu. Bafillace ya kora rabin garkensa cikin daji kafin malamin jangali ya iso, ya ajiye wa malamin ɗan maraƙi don idonsa ya yi rauni wajen ƙirga sauran. Arɗo ya sani, malami ya sani, hakimi ma ya sani. Shekara da shekaru ana haka har ya zama ba a ganin abin a matsayin ƙarya, sai dai wayo da sanin zaman duniya. Yaran da suka tashi a ciki suka koyi darasi guda tun ba su iya alwala ba, cewa hukuma abar ɓuya ce, in kuwa ta gan ka to sai ka saye ta. Waɗanda suke mamakin yadda cin hanci ya yi saiwa a ƙasar nan, su tuna cewa makaranta aka buɗe masa, aka yi fiye da shekara saba'in ana karatu.

Kada kuma a manta lokacin da ake karɓar kuɗin. Da kaka ne, sa'ad da gero da dawa da gyaɗa suka fi araha. Manomi ya sayar da hatsinsa a wulakance don ya biya, da damina ya komo ya saya da tsada ko ya ci bashi da ruwa. Ko a shekarar babbar yunwa ta 1914, wadda ta halaka dubban mutane a arewacin ƙasar nan, ba a fasa karɓar haraji ba. Wanda rumbunsa bai isa ba sai ya ɗaura ɗan ƙunshinsa ya tafi cin rani, ya nemo kuɗin Bature inda ake samunsa. Takardar haraji kuwa ita ce fasfo ɗin talaka, ana tambayarta a tasha da kan hanya. Saboda haka mu da muke zaune Kurmi yau, mu sani cewa hanyar da muka biyo ba mu muka share ta ba, kuma ba sha'awar ganin teku ce ta fara fitar da kakanninmu daga gida ba.

Inda wannan tsari ya nuna haƙoransa sosai shi ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon 1942 Japan ta ƙwace ƙasar Malaya, mai arzikin kuza, daga hannun Ingila. Sai aka juyo kan filayen kuza na Jos, aka kafa dokar ɗiban leburori a kan tilas, abin da mutanenmu suka sa wa suna ɗiban gwamna. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi kimanin mutum 100,000 daga lardunan Arewa. Lardin Bauchi, wanda ƙasar Katagum take cikinsa tun 1926, yana cikin waɗanda aka yanka wa rabo. Ingila kuwa ta riga ta amince da yarjejeniyar duniya ta 1930 wadda ta hana aikin tilas, amma yarjejeniyar ta bar ƙofa ga lokacin yaƙi, ta nan aka shiga. Komi bisa doka aka yi shi, da sa hannu da hatimi.

Nan ma adadi aka aiko. Ba Bature ne ya shiga gida gida ya zaɓi wanda zai tafi ba. An ce wa En'e ta kawo kaza, ita ta raba wa hakimai, su kuma suka raba wa dagatai. Sai ya zama rai da mutuwar magidanci suna hannun mutum guda wanda shi ma takobi ke bisa wuyansa. Mai abin hannu ya fanshi ɗansa. Wanda ke da ƙanwa a gidan sarauta ya tsira. Wa ya rage? Maraya, da baƙo, da bara, da wanda ya taɓa yi wa mai unguwa gardama a kan iyakar gona. Aka kai mutanen ƙasar zafi bisa tsaunukan Jos cikin hunturu, ba bargo, ba isasshen abinci, ciwon haƙarƙari da sauran cututtuka suka yi ta ɗibarsu, da yawa kuma suka gudu. Sai da maganar ta kai Majalisar Ingila aka yi ta suka, sa'an nan aka soke dokar a 1944. Waɗanda suka komo gida sun komo suna zaune gari ɗaya da wanda ya rubuta sunansu, suna haɗuwa da shi a sahu ɗaya ranar Juma'a. Irin wannan miki ba a rubuta shi a rahoton shekara na lardi.

Mai karatu zai ce, to ina alƙali? Ai nan gizo ke saƙa. A tsarin En'e hannun da ya yanka haraji shi ke naɗa alƙali, shi ke biyansa albashi, shi ke da 'yan doka, shi ke da gidan yari. Lauya ba shi da izinin tsayawa a kotun alƙali. An yi alƙalai masana masu tsoron Allah, kuma har yau ana ambatonsu da alheri, amma malamin da ya san cewa tuwon gidansa yana hannun wanda ya kawo ƙara, ba ƙaramin jarumi ba ne zai ce wa mai ƙarar ba ka da gaskiya. Da siyasa ta zo aka kafa NEPU a Kano cikin Agusta 1950, sai waɗannan kotuna suka zama makami. Laifin zagin sarauta da na yin taro ba izini suka wadatar a ɗaure duk wanda aka ga dama. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Kowane ɗauri kuwa sai da aka sami masu shaida, watau sai da aka sami talakawan da suka yarda, don tsoro ko don abin goro, su tsaya gaban shari'a su faɗi abin da ba su gani ba.

Abin alfahari ne ga mutanen jihar Bauchi cewa daga cikinsu aka fara ɗaga murya. A garin Bauchi ne Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da abokansu suka riƙa zaman muhawara a shekarun yaƙin nan, suna tambayoyin da ba a saba yi ba, har hukuma ta gaji ta rufe zaman. Kuma Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ba wanda zai kira shi mai tsaurin ra'ayi, shi ya tashi a Majalisar Arewa cikin Agusta 1950 ya kawo batun a binciki tsarin En'e a gyara shi. Gyaran ya zo da tafiyar hawainiya. Sai a 1968 aka karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e aka mai da su kotunan yanki ƙarƙashin gwamnatocin jihohi, 'yan doka da gidajen yari su ma suka koma hannun Gwamnatin Tarayya a 'yan shekarun da suka biyo. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi. A 1979 gwamnonin Kano da Kaduna, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, suka soke haraji da jangali a jihohinsu, wasu kuma suka bi sawu.

Kada wani ya ɗauka cewa mu kaɗai aka yi wa haka. A ƙasar Ibo, inda babu sarakuna irin namu, Turawa sun ƙirƙiro su da takardar izini, daga baya aka ɗora musu tara haraji, abin da ya kai ga boren matan Aba na 1929, inda aka harbe mata fiye da hamsin. Maƙwabcinka na kasuwar Anacha shi ma yana da labarin kakarsa.

Akwai masu cewa irin wannan magana tana wanke mai laifi, tana kuma koya wa jama'a raina doka. Ba haka muke nufi ba, ko kusa. Gari ba ya zaunuwa ba hukuma, kuma wanda ya ga abin da 'yan bindiga suka mayar da wasu ƙauyukan Zamfara da Katsina ya san cewa rashin doka ya fi kowace muguwar doka muni. Gwamnati kuma dole ta tara kuɗi, in ba haka ba da me za a gina asibitin Azare ko a gyara hanyar Yana? Haka nan dagacin da ya nuna gidan maraya ba zai ce wa Ubangijinsa Di'o ne ya sa shi ba. Ko a shari'ar duniya, tun da aka gurfanar da manyan Jamus a Nuremberg bayan yaƙi aka daina karɓar uzurin cewa umurni aka bi. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya haƙa rami a tsakiyar hanya ba shi da bakin zagin waɗanda suka faɗa. In tsari ya zama sai waliyyi ne kaɗai zai iya aiki a cikinsa bai yi zalunci ba, to laifin farko na wanda ya tsara ne, domin waliyyai ba su da yawa a kowane zamani, ma'aikata kuwa dubbai ake ɗauka.

Dalilin da ya sa muka tono wannan tsohon zance shi ne, haraji ya tafi amma adadi bai tafi ba. Ya sāke riga ne kurum. Jihohi da ƙananan hukumomi da yawa, Kudu da Arewa, sukan ba 'yan kwangila tara kuɗin kasuwa da na tasha, a ce su kawo kaza a wata, abin da ya yi sama nasu ne. Ɗan kwangila ya ɗebo samari majiya ƙarfi ya yanka wa kowa nasa na yini. Wannan ai dagacin jiya ne aka ba sanda da rigar leda. Direban da ya ɗauko shanu ko albasa daga kasuwannin Arewa zuwa Kurmi ya san yawan shingayen da zai tsaya, da yawan rasit ɗin da za a miƙo masa na kuɗin da bai san sunansu ba. Tun 1998 aka yi dokar soja mai lamba 21 wadda ta hana kafa shinge a hanya don karɓar haraji, shingayen ba su ko motsa ba. Lokacin da ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta tsai da kai kaya Kudu a ƙarshen Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, wannan karɓe-karɓe na hanya yana cikin kukanta.

Dubi kuma batun acaɓa. Gwamnatin Ikko tana da ikon ta ce ba ta son babura a manyan titunanta, kuma haɗarin da ake yi ba ƙarya ba ne. A Yuni 2022 ta hana sana'ar baki ɗaya a ƙananan hukumomi shida, ta niƙe babura fiye da 2,000 a gaban 'yan jarida. Amma dokar da ta haramta abincin dubban mutane dare ɗaya, alhali fasinja na nan yana jira a bakin titi, ba ta kashe sana'ar, sai dai ta sa mata farashi. Mai babur ya koyi nawa ake ba wa, mai kamu ya koyi wanda zai kama da wanda zai kau da kai. Kafin wannan, cikin Agusta 2019, an tare wata babbar mota a Ikko aka tsare mutum 123 'yan jihar Jigawa da baburansu, daga baya aka sake su da yake ba a same su da komi ba, alhali sashe na 41 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa ikon zuwa da zama inda ya so. Sashe na 35 kuma ya ce wanda aka kama a kai shi gaban kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa. Duk da haka alƙaluman hukumar gidajen yari na 2024 sun nuna kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Wannan shi ne sirrin hular da ake kewayawa da ita bayan Magariba. Dattijan sun san beli kyauta ne. Sun kuma san cewa in yaro ya wuce daga ofishin 'yan sanda zuwa gidan waƙafi, yana iya shekara ba a ko kira sunansa ba.

Mu da muke zaman baƙunci ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan, gama mun gani ta fuska biyu. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busiya a Ghana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice, Hausawan zango da Yarabawa suka sayar da gidaje da rumfuna a kan kuɗin da bai kai na ƙofa ba, maƙwabtan da suka ci abinci tare da su shekara talatin suka saye. A Janairu 1983 mu ma muka yi wa 'yan Ghana da sauran baƙi haka, kimanin miliyan ɗaya 'yan Ghana suka fita, kuma ba a rasa namu da suka saye kayansu a ɓagas, ko suka riƙe musu ladan aiki don sun san ba su da inda za su kai ƙara. Da safe mutum yana maƙwabci, da yamma sanarwar rediyo ta mai da shi ganima.

Saboda haka kiranmu na farko ga Majalisun Dokokin jihohi ne, har da ta Bauchi, domin kasuwannin Azare da Yana da Disina ba su tsira daga 'yan kwangilar rasit ba. A hana yanka wa ma'aikacin hukuma adadin kuɗi ko adadin mutanen da zai kama. A daina ba 'yan kwangila tara kuɗin jama'a da sanda. Abin da za a biya a rubuta shi a allo a ƙofar kasuwa da harshen da mutane ke ji, a biya shi a asusun hukuma. Dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 ta umurci majistare ya riƙa kewaya ofisoshin 'yan sanda na yankinsa kowane wata ya ga waɗanda ke tsare, ita da dokar 'yan sanda ta 2020 kuma sun hana a kama mutum a madadin ɗan'uwansa. Ba sabuwar doka muke roƙo a nan ba, waɗannan ɗin muke so Manyan Jojin jihohi su tilasta, su kuma riƙa buga wa jama'a sunayen ofisoshin da aka ziyarta da yawan waɗanda aka saki.

Sauran maganar tamu ce, mu da shugabanninmu na Sabo da Agege da Idi-Araba da Shagamu da sauran zangunan Kurmi. Duk lokacin da hankali ya tashi, hukuma takan kira Sarkin Hausawa ta ce ya kawo sunayen baƙin fuska, ko ya fito da ɓata-gari kafin rana kaza. Muna roƙon iyayenmu sarakuna su lura da kujerar da ake miƙo musu, gama ita ce wadda dagacin ƙasar Shira ya zauna a kai a 1942. Wanda aka sani da laifi a miƙa shi, da shaida, da rana tsaka, ba mai ƙin wannan. Amma in aka ce adadi ake so, to waɗanda za su cika shi su ne yaran da suka sauka daga mota jiya, ba su da uba a gari, ba su jin Turanci balle Yarabanci. Ƙungiyoyinmu na 'yan gari suna tara kuɗi kowane wata don biki da jana'iza da kai gawa gida. Abin da ake zubawa a hular beli cikin shekara guda a unguwa ɗaya zai iya ɗaukar lauya wanda za a riƙa kira da dare, ya tafi tare da dattijan nan biyu, ya tsaya a gaban kanta ya nemi a rubuta laifin yaro a takarda, da sunan wanda ya kama shi da lokacin da aka kama shi.